Lanho: Wa Ke Biya, Wa Ke Ci?

An gabatar da wannan lacca a Tawa, gaban 'yan kasuwa da ɗalibai. Mun rubuto ta daga faifan da aka naɗa, mun rage gaisuwa.

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, 'yan uwa, sannunku da zama cikin wannan zafi.

Maganata yau a kan lanho ce, wato haraji: a rage nauyinsa, a rage kuɗin da gwamnati ke kashewa a kanta. Wa ke biyan lanho a cikinku? Na ga hannu kaɗan. To ku ɗaga duka, don ba wanda ya tsira. TVA, harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin kaya in ka saya, a ƙasar nan kashi 19 ne cikin ɗari. Kayan jika goma, in suna cikin waɗanda ake ɗora wa, ka ƙara jika biyu ba dala ashirin. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ofishin DGI, hukumar tara haraji, ba tana biya duk ranar da ta sayi sabulu, ba ta dai sani ba.

Ku bi buhun albasa daga Galmi. Manomi ya sha wahalar ban ruwa, ya cika buhu ya ɗinke baki. A kasuwa yaron meri na tsaye da ɗan littafinsa, ya yago tikiti. Dillali ya karɓi la'adarsa. Mai sayen yana da patanti, harajin sana'a, a kansa. An yi lodi, mota ta kama hanyar Ƙwanni, sai shinge: takarda, kuɗin hanya, da wanda ba shi da takarda, wanda ake miƙawa a naɗe cikin lasin. (Dariya) Kun san shi, ba sai na faɗa ba. Kafin motar ta isa Abijan an taɓa buhun nan sau nawa? Kuma ɗan kasuwa ba wawa ba ne, ya lissafa duk wannan tun kafin ya taya. Daga kuɗin manomi ake cirewa.

Kukan nan ba yau ya fara ba. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta nan kusa da mu a 1754, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ. Nasara ya zo da lanhon kai, kakanninmu na Adar suka riƙa tafiya cin rani don su samo kuɗin biya. Sai a mulkin Kunce, da kuɗin uraniyom ya shigo, aka sauke wa talaka wannan kaya. Dattawan da ke nan sun tuna.

A 2005, zamanin Tanja, aka ɗora TVA a kan madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta. A watan Maris mutane suka rufe kasuwanni, Yamai ta yi tsit, gwamnati ta janye mafi yawa. Dokar kuɗi ta 2018 ma ta fito da jama'a kan titi: an kawo harajin gida, a lokaci guda an yafe wa kamfanonin tarho harajin kiran da ke shigowa daga waje. Wannan ne ya fi yi wa mutane ciwo. Babba a yafe masa, ƙarami a matse shi.

Yanzu wani ɗalibi zai ce mini: Malam, UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, ta ce kowace ƙasa ta tara harajin da ya kai kashi 20 na arzikinta, mu ko kusa ba mu yi ba, kai kuma kana cewa a rage? Gaskiyarka, ɗana. Amma me ya sa ba ya taruwa? Don in kuɗin duwan ya yi tsada, kaya sai su bar kwalta su bi daji a kan babur tsakanin Illela da Ƙwanni, baitulmali bai ga ko dala ba. Mai shago da ya ga rajista na jawo masa ISB, harajin riba, na kashi 30 da ziyarar masu bincike, sai ya zauna ba takarda har ya tsufa. 'Yan kaɗan da suka shiga littafi su ake ta tatsa kamar saniya ɗaya a garke. A sauƙaƙa kuɗin, a mayar da takardu goma guda ɗaya, a rufe ƙofar yafiya ga manya, za a ga masu biya sun yawaita.

Sai maganar girman gwamnati. Kada a fita a ce na ce a kori malamin makaranta ko likita ko soja. Yaranmu na karatu a ajin zana, sojojinmu na daji, waɗannan kuɗi suke buƙata. Abin da nake cewa, mun ga gwamnati mai ministoci sama da 40 a ƙasar nan, kowanne da mota V8 da direba da mashawarta, mashawartan ma da nasu mashawartan. Taro a otel, kuɗin zama, kuɗin tafiya. Duk daga buhun albasar nan yake fitowa.

Abin da za ku iya tun gobe: kada ku biya ko dala ba rasit, kuma ku je meri ku nemi a manna lissafin abin da aka tara a kasuwa da inda aka kashe shi, a bango, da Hausa. Wa ke da tambaya? Alhaji, bisimilla, a ba shi makirfo.