Sharhi: Bayan an sallame su daga asibiti, ina za su kwana?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai leƙa birnin New York na Amurka, inda rayuka biyu da aka rasa suka tayar da ƙura kan masu taɓin hankali da ke kwana a titi.

A watan Janairun 2022, wani marar matsuguni mai fama da taɓin hankali ya ingiza wata mata, Michelle Go, gaban jirgi a tashar ƙarƙashin ƙasa ta Times Square, ta mutu nan take. A watan Mayun 2023 kuma, wani tsohon soja, Daniel Penny, ya shaƙe Jordan Neely, wani marar matsuguni mai taɓin hankali, a cikin taragon jirgi har rai ya yi halinsa, bayan Neely ya shigo yana ihu cewa yunwa da ƙishirwa sun dame shi, yana firgita fasinjoji. Kotu ta wanke Penny a Disambar 2024.

Labarin Neely shi ne abin dubawa. Yana ɗan shekara 14 aka kashe mahaifiyarsa. 'Yan sanda sun kama shi fiye da sau 40, sunansa ma yana cikin jerin mutum 50 da hukumomin birnin suka ware a matsayin mafi buƙatar agaji. Watanni kaɗan kafin mutuwarsa aka kai shi gidan jinya bisa umarnin kotu. Kwana 13 ya yi ya fice. Hukuma ta san shi ciki da bai, amma ba wanda ya riƙe hannunsa har ƙarshe.

Magajin garin New York na lokacin, Eric Adams, a Nuwambar 2022, ya ba jami'ai izinin kai irin waɗannan mutane asibiti ko ba da son ransu ba. Ban ga laifinsa ba. Wanda ke tsaye ba takalmi cikin ƙanƙara yana magana shi kaɗai, barinsa a haka ba mutunta shi ba ne. To amma ina gadon? A 1955 asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohin Amurka suna ɗauke da majinyata sama da dubu 550. Yau gadajen ba su kai dubu 40 ba. An rufe su ne da alƙawarin gina cibiyoyin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a unguwanni ƙarƙashin dokar da Shugaba Kennedy ya sa wa hannu a 1963, kuma da yawa daga cikinsu ba a gina ba. Sai a kwantar da mutum 'yan kwanaki, a miƙa masa takardar magani, ya koma kan bencin tasha. An yi ɗiban ruwa da kwando ke nan.

Abin takaici, a New York ɗin nan aka fara gwada mafita. A 1992 wani masanin halayyar ɗan Adam, Sam Tsemberis, ya soma ba masu taɓin hankali da ke kwana a titi ɗaki tukuna ba tare da sharaɗi ba, ma'aikatan lafiya na bin su har gida. Mafi yawansu sun zauna, ba su koma titi ba. Finland ta rungumi tsarin a 2008, masu daɗewa a titi suka ragu ƙwarai.

Yawancin masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su aka fi cuta. 'Yan tsirarun da ke da haɗari kuwa an san su da suna. Don haka duk wanda za a sallama, a tabbatar da makullin ɗaki a aljihunsa da ma'aikacin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa washegari ya ga ko ya sha magani.