Wai hutu muke yi a Turai? Ku zo ku ga wunin uwar yara a Manchesta

Assalamu alaikum matan Kaduna garin gwamna, na Tudun Wada da Kawo, na Unguwan Rimi da Rigasa, barkanmu da warhaka. Yau ba girki zan yi muku ba. Raina a ɓace na kunna kyamarar nan, ba kuma zan ɓoye ba. Daren jiya wata babbar 'yar uwa ta turo saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi, wai mu masu zaman gida a Turai hutu kawai muke yi: inji ke wanki, wuta ba ta ɗaukewa, ga ruwa a famfo, me ya rage mana in ba barci ba? Anti, da girmanki, ina gaishe ki da kyau. Amma inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa, to yau ga ƙasar na kawo miki.

Ku dubi tagar nan. Ƙarfe 7:30 na safe ne, watan Disamba, waje kamar yanzu aka idar da Asuba. Rana ba ta fitowa sai bayan 8, kafin 4 na yamma kuma ta faɗi. Azahar wajen 12, La'asar kafin 2, Magariba kafin 4. Salloli uku ke nan a matse cikin awa huɗu, kuma a cikin wannan tsakanin ne za ki ɗauko yaro daga makaranta, ki ba shi abinci, ki shayar da ƙaraminsa, ki ɗora tukunyar dare.

Bari in matso da kyamara. Kun ga ruwan nan da ya kwanta a jikin gilashi yana gangarowa? Numfashinmu ne na dare da tururin girki da laimar wanki suka haɗu da sanyin taga. Aikin farko ke nan kowace safiya, tun kafin shayi: ki sa tsumma ki goge shi tas, ki buɗe taga minti goma ko da sanyi na yanka ki. In kika bar shi, kwana kaɗan za ki ga baƙin ɗigo-ɗigo a kusurwa da bayan kabad. Fumfuna ce, kuma ba abin wasa ba ce ga ƙirjin yaro. A Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a 2020, bincike ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce sanadi, har aka yi sabuwar doka a kan masu ba da hayar gidajen jama'a saboda shi. Don haka ki janye gado da kabad daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu, ki rufe tukunya in kina girki, ki rufe ƙofar banɗaki bayan wanka. In ta riga ta fito, ki ɗauki hotonta da kwanan wata ki aika wa mai gida a rubuce. Magana ta baki ba ta zama shaida a nan.

Injin wankin da ake mana gori da shi, ga shi nan. Yana wankewa, gaskiya ne. Wa zai busar? A Kaduna ki shanya zannuwa da hantsi, kafin Azahar sun bushe ƙayau, balle da hunturu. Nan kayan yara biyu sai su kwana biyu a kan ƙarfen shanya a tsakiyar falo, kuma in kika jibga su a kan hita, ruwan jikinsu bango zai koma. Shi ya sa na ce kowace uwa ta sayi injin tsotse laima, ni nawa fam ɗari da ɗoriya, ki kunna shi a ɗaki guda da shanyar ki rufe ƙofa. Da safe ki zubar da ruwan da ya tara, za ki sha mamaki.

Amma ba wanki ne ya fi ci mini rai ba. Hannu ne babu. A gidanmu na Tudun Wada, mai jego ba ta san inda tsintsiya take ba har ta yi arba'in. Inna na dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya, gwaggo na dama kunu, ƙanne na rige-rigen goyo, maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce kawo shi ki runtsa. Ɗa na kowa ne, da gaske muke faɗa. A nan, in haihuwa ta zo da sauƙi, washegari kina gida, wata ma ranar. Abban yara ya yi mako biyu in wurin aikinsa ya ba shi, sai ya koma. Daga nan ke ce ungozoma, ke ce mai girki, ke ce mai raino, ke ce malamar Islamiyya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a nan da shi ake ɗauka.

Tunda na ambaci kunu, 'yan uwana masu jego, a rage kanwa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Likitocinmu na gida ne suka gani, ba na Turai ba.

Wata za ta ce to ki bar su wa babbar 'yarki ki je kasuwa mana. Kul! Doka a Ingila ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne ki bar shi cikin halin da zai iya cutuwa, kuma jariri da mai rarrafe ba a barin su ko na minti biyar. Maƙwabci zai ji kuka ya buga waya, sai ki ga ma'aikatan kula da yara a ƙofa. Dukan yaro kuma, Sikotland ta haramta shi gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022. A Ingila ma in ya bar shaida a jiki, kin shiga uku. Malamar makaranta tana ganin tabo sai ta tambayi yaro, kuma dole ta rubuta. Don haka ko burodi za ki saya, kowa sai ya sa riga mai kauri, hula, safa, takalmi, a ɗaure ƙarami a keken tura yara, a lulluɓa ledar ruwan sama. Minti ashirin ke nan kafin ki taka bakin ƙofa, kuma sau da yawa a lokacin ne ƙaramin zai ɓata famfas, a kwance komai a sake. Bas fam 2 ne, 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai wurin keken yara biyu ne kacal, in mai keken guragu ya zo kuma shi ke da haƙƙi, ki naɗe naki. Ni dai zanin goyo da majanyi sun fi mini komai. Turawa har tsayar da ni suke suna tambayar yadda ake ɗaurawa babu igiya babu maɓalli. Abin da suke saya da tsada, mu da shi muka tashi.

Ga ɗan jan littafin nan, kowane jariri ana ba shi. A ciki ake rubuta nauyinsa da allurarsa, kada ki je asibiti babu shi. Kwana 5 da haihuwa za a ɗan soki dunduniyarsa a ɗauki ɗigon jini, cikin abin da ake dubawa har da sikila, wannan kam na yaba musu, ina ma a ce kowane asibitin Kaduna na yi. Rigakafi a nan mako 8 ne, da 12, da 16, ba 6 da 10 da 14 irin namu ba. Allurar ƙyanda sai ya shekara, mu kuwa wata 9. BCG, allurar tarin fuka da muke yi wa kowa da haihuwa, nan ba kowa ake yi wa ba, amma ɗan da iyayensa ko kakanninsa 'yan Najeriya ne ya cancanta, wajen kwana 28. In ba su kira ki ba, ke ki kira su. Kuma in za ku zo gida hutu, ki ga likita da wuri a ba ku maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Yaron da aka haifa a nan jikinsa bai san sauron Kaduna ba, kuma allurar shawara sai ya kai wata 9.

Wannan 'yar kwalbar kuma bitamin D ce. Rana ce ke sa jiki ya samar da ita, rana kuwa babu, ga fatarmu baƙa, ga mu a rufe. Jaririn da ke shan nono ana ɗiga masa maikrogiram 8.5 zuwa 10 kullum tun daga haihuwa, ɗan shekara 1 zuwa 4 kuma 10. Wanda ke shan madarar gwangwani sama da mililita 500 a rana ba ya buƙata, an riga an sa a ciki. Ke ma uwa ki sha taki. Rashinta ne ke kawo gwamewar ƙafa ga yara da ciwon ƙashi ga manya.

Madarar gwangwani, ku saurara da kyau, domin a nan ake yawan kuskure, a can da nan duka. Garin ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, zafin ruwa ne ke kashe su. Ki tafasa sabon ruwa lita ɗaya a buta, kada ya wuce minti 30 yana hucewa, don zafinsa ya tsaya a digiri 70 ko sama. Ruwa ake fara zubawa a fida, a duba layin awo, sannan gari. Yawanci cokalin gwangwanin ɗaya ne ga kowane mililita 30, a shafe bakinsa, ba tozo, ba dannawa. Ki girgiza, ki tara gindin fidar a ruwan sanyi, ki ɗiga a cikin wuyan hannunki ki ji. Abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. Na san gwangwani ya haura fam 10 kuma ba ya daɗewa, amma kada tsada ta sa ki ƙara ruwa, kada kuma son ya yi ƙiba ya sa ki ƙara gari. Na farko yunwa, na biyu taurin bayan gida da ƙishi. Duk wannan da ƙarfe 3 na dare ake yin sa, Anti, ido biyu.

Zuma, kada ta taɓa bakin jariri sai ya cika shekara, ko ta Zamfara ce ko ta ina. Tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Tozalin gargajiya ma a bar shi, wani akwai dalma a ciki. Sai kuma lulluɓi. Mu da hunturu ya kama, hula, safa, bargo biyu, tawul a kai. A nan ɗakin jariri digiri 16 zuwa 20 ake so, a kwantar da shi rigingine, ba hula a cikin ɗaki, ba matashi, kuma kada ki taɓa yin barci da shi a kan kujerar falo. Ki taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa, ba tafin hannu ba, in da gumi ki rage kaya. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafinsa ya kai 38, ba jiƙe-jiƙe ba jira, ki kira 111, lambar wayar neman taimakon likita, nan take. In numfashi ne ya sarƙe, ki kira 999, lambar gaggawa.

Abinci kuwa, daga wata 6 ake farawa, kuma ina alfahari yarana tuwo suke ci. Shinkafar da Turawa ke yin fudin, wani abincin zaƙi nasu, da ita, gajera mai danƙo, ita ce ke ba da tuwon shinkafa mai kama da na gida. Miyar kuka ko kuɓewa, ki ɗebi ta jariri kafin ki sa gishiri da dunƙule da yaji, ki zuba a farantin ƙanƙara mai gida-gida ki sa a firiza, kullum ki ciro biyu ki ɗumama sosai ya huce. Shinkafa in ta rage, ta shiga firji cikin awa ɗaya, kada ta wuce kwana guda, ɗumi sau ɗaya tak. Kunun gyada ki fara da ɗan cokali da safe, ki sa ido ko fata za ta yi borin jini. Gyada guda-guda kuwa sai ya shekara 5, inabi kuma a tsaga shi a tsaye gida huɗu. Mai zuwa daga gida ta taho mana da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa daga Kasuwar Bacci. Kilishi da dambun nama da man shanu kada ta wahalar da kanta, an hana shigo da nama da kayan nono daga Najeriya, a filin jirgi za a ƙwace. Wallahi ƙamshin masar da ake soyawa da safe a layinmu har mafarkinsa nake yi.

Sauƙin da kowa ke samu sai yaro ya cika shekara 3. Daga zangon karatun da ya biyo baya, Janairu ko Afrilu ko Satumba, yana da awa 15 kyauta a gidan raino a mako, mako 38 a shekara, kowace irin biza kuke da ita. Kafin nan, gidan rainon da na tambaya ya haura fam 60 a wuni, shi ya sa da yawanmu ke zaune a gida, albashin zai ƙare ne a raino. Kuɗin tallafin yara kuma mai bizar da aka rubuta ba ta da haƙƙin tallafin gwamnati kada ma ta nema, tana iya ɓata takardunta. Awa 15 ɗin nan awa uku ce a rana. Ki cire tafiya da dawowa, abin da ya rage shara ce da girki.

Kuma daga ranar da ya shiga makaranta, Turanci zai fara cinye Hausarsa kamar gara. Wata shida ya isa. A gidan nan doka ce, daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa zalla. Ya tambaye ki ruwa da Turanci, ki maimaita masa da Hausa, ya faɗa, sannan ki miƙa. Kada ki ji tsoron wai zai rikice, yaro na ɗaukar harshe biyu lafiya lau. Kowace Juma'a a kira Hajiya a bidiyo su durƙusa su gaishe ta, su ji tatsuniya daga bakinta. Bayan Magariba kuma a zauna a biya Fatiha da ƙananan surori, ko minti goma ne, domin babu makarantar allo a bakin layi da za ki tura shi.

Kun ji motsi? Ƙaramin ne ya tashi, ga ƙarfe 8 ta yi, babban ko safa bai sa ba, kuma 8:45 ake buɗe ƙofar makaranta. Anti, ki gaishe mini da su Hajiya da mutanen gida. Bari in ɗauko zanin goyo.