Sharhi: Robar da Likitocin Ƙashi Ke Dasawa a Gadon Baya da Kwatangwalo

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan kayan da ake dasa wa mutum a jiki ne idan ciwon ƙashi ya kai ga tiyata. Yawancinmu ƙarfe muka sani. Shi ya sa idan likita ya ce roba zai saka a gadon baya, sai hankalin majinyaci da danginsa ya tashi, su ɗauka ƙwauro aka yi musu. Ba haka ba ne. Robar tana da aikin da ta fi ƙarfe iyawa, tana kuma da raunin da ya kamata a san da shi tun kafin a shiga ɗakin tiyata.

Wadda aka fi amfani da ita a gadon baya ana kiranta PEEK. Kamfanin ICI na Ingila ne ya samar da ita a 1978 domin masana'antu, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka fito da samfurin da aka tace domin dasawa a jikin ɗan Adam. Ba ta narkewa sai zafi ya kai kimanin digiri 343, don haka tukunyar turara kayan tiyata ba ta yi mata komai.

Me ya sa likitoci suka karkata gare ta? Taurinta ne, domin ya fi na ƙarfe kusa da na ƙashi. A ma'aunin tauri da ake kira gigafaskal, ƙarfen taitaniyam yana kusan 110, ɓawon ƙashin mutum bai wuce 15 zuwa 20 ba, ita kuwa tana tsakanin 3 da 4. Ƙashi halitta ce mai son aiki: idan yana ɗaukar nauyi sai ya yi ƙwari, idan ƙarfen da ya fi shi tauri ya ɗauke masa nauyin sai ya rame. Amfani na biyu a hoto yake. Ƙarfe yana rufe ƙashi a hoto, yana kuma dagula hoton MRI. Wannan robar ba ta fitowa a hoto, likita yana ganin ƙashin da ke tsirowa a cikinta. Don a san inda ta zauna, ana dasa mata 'yan ƙananan alamomin ƙarfen tantalam, su ne ɗigon farin da ake gani a hoton.

Ga yadda aikin yake. Idan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya biyu ya lalace, ko ƙashi ɗaya ya zame yana danne jijiya, likita yana kwashe faifan, ya kankare ragowar guringuntsin har sai fuskar ƙashin ta fara tsattsafo da jini. Sai ya gwada tsayin wurin, ya zaɓi ɗan kejin roba mai rami a tsakiya, wanda a ƙasan baya tsayinsa kan kama daga milimita 8 zuwa 14. Ana cika ramin da gutsattsarin ƙashin majinyacin, a tura kejin ana kallo ta na'urar hoto, sannan a ɗaure da kusoshi huɗu da sanduna biyu na taitaniyam. A lura, kejin ba shi ne maganin ba. Aikinsa riƙe wurin har ƙasusuwan biyu su haɗe, abin da kan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda.

To ina matsalar? Ƙashi ba ya manne wa fuskar wannan roba. Jiki yakan lulluɓe ta da siririyar tsoka mai kamar tabo, kuma idan ƙashin da aka cusa a ramin bai kama ba, kejin zai ci gaba da motsi, ciwo ya dawo, kusoshi su saki. Masu ƙera ta sun gwada shafa mata taitaniyam a fuska, ko gauraya ta da ma'adinin da ƙashi ya ƙunsa, sai dai shafen kan iya ɓarewa idan aka doka kejin da ƙarfi wajen turawa. Akwai kuma nutsewa. Idan likita ya wuce gona da iri wajen kankara har ya fasa ɓawon ƙashin, ko ya sa kejin da ya fi wurin tsayi, ko ƙashin majinyacin ya yi laushi saboda tsufa, kejin yana nutsewa kamar ƙafar kujera a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan kuma ya yi ƙanƙanta, sai ya zame baya wajen jijiyoyi. Taba sigari da ciwon suga da ba a kula da shi suna hana ƙashi haɗewa, kowane irin keji aka sa.

A kwatangwalo da gwiwa wata robar ce daban, foliyetilin mai dogayen ƙwayoyi. A kwatangwalo, da ita ake yin kofin da sabon kan ƙashin cinya ke juyawa a ciki. Likitan Ingila John Charnley ya fara da robar Teflon a asibitin Wrightington, ta cinye cikin 'yan shekaru a jikin mutum kusan 300, sannan ya koma foliyetilin a 1962. Ita ma tana gogewa, kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2 a shekara. Wannan ƙurar da ido ba ya gani ita ce bala'in: sojojin jiki suna haɗiye ta, su tayar da kumburin da ke zaizaye ƙashin da ke riƙe da dashen, har ya yi girgiɗi. Daga 1998 aka fara ƙarfafa robar da haske mai ratsa jiki don ƙwayoyinta su sarƙe, daga baya aka riƙa sa mata bitamin E don kada iska ta tsufar da ita. Gogewar ta ragu ƙwarai, amma robar ta ɗan rage juriya, bakinta kan tsage idan kofin ya miƙe fiye da kima maimakon karkatar kusan digiri 40 zuwa 45.

Nan ne batun ya shafe mu kai tsaye. A Turai yawanci tsofaffi ake yi wa sauyin kwatangwalo. A asibitocinmu, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, akwai matasa masu sikila da kan ƙashin cinyarsu ya mutu saboda toshewar jini. Saurayi ɗan shekara 25 zai taka wannan robar shekaru masu yawa, ga zaman tabarma, ga tsuguno, ga sallah. Sa masa tsohon samfuri don a rage kuɗi, a ganinmu, jinkirta kashe kuɗin ne kawai, domin tiyata ta biyu ta fi ta farko tsada da hatsari.

Ma'aikatan ɗakin tiyata kuma su kiyaye: foliyetilin ba ta jure tukunyar turare, domin zafin da take narkewa ya yi kusa da digiri 134 da tukunyar ke kaiwa. Idan ledarta ta huje ko wa'adinta ya wuce, ajiye ta za a yi, ba za a dasa ta ba. Majinyaci kuwa ya tambayi sunan abin da za a dasa masa, da ko yana da rajistar hukumar NAFDAC, ya nemi a manna takardar da ke ɗauke da lambar kayan a fayil ɗinsa, a ba shi kwafi. Ya kuma riƙa komawa ɗaukar hoto a lokutan da likita ya ɗiba masa ko da ba ya jin ciwo, domin zaizayar ƙashi takan yi nisa kafin ciwo ya bayyana.