Kifin da ke iyo lafiya amma zuri'arsa na ƙarewa

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, jama'a, barkanmu da war haka.

Idan aka ce ruwa ya gurɓace, abin da ke zuwa mana a rai shi ne matattun kifaye sun taso, ciki sama, wari ya cika gaɓa. Wannan kam ko yaro ya gani ya san an yi ɓarna. Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda ido ba ya gani. Masunci ya ja komarsa, kifi yana tsalle, ga ƙiba ga sheƙi, amma a cikinsa an riga an taɓa abin da zai sa ya haihu.

Jikin kifi, kamar namu, yana aiki da wasu sinadarai da ake kira homon. 'Yan aike ne. Su ke bin jini su ce wa wannan gaɓa ta girma, su ce wa waccan lokacin ƙwai ya yi. To akwai sinadaran da muke zubarwa waɗanda siffarsu ta yi kama da ta 'yan aiken nan, sai jiki ya karɓi saƙon ƙarya ya yi aiki da shi.

Bari in nuna muku da misali. A bakin kogunan Ingila, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri, akwai wani kifi da ake ce wa fulawunda. Shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, idanunsa biyu a gefe guda, kullum yana kwance a kan laka. A shekarun 1990 masana suka ɗebi jinin mazan wannan kifi a bakin kogin Mersey da na Tyne, sai suka tarar da bitelojenin mai yawa. Mene ne shi? Sinadarin da hantar mace ke yi don ya zama gwaiduwar ƙwai. Namiji ba ruwansa da gwaiduwa. Amma ga hantarsa tana ta wahalar yin ta, ba inda za ta kai ta, sai ta taru a jini. A wasu mazan ma, da aka yanka jakar maniyyi aka duba da madubin likita, sai ga ƙananan ƙwai a ciki. A 1998 Susan Jobling da John Sumpter na Jami'ar Brunel, tare da abokan aikinsu, suka nuna irin haka a kifin koguna, kuma abin ya fi muni a ƙasa da inda matatun najasa ke sako ruwansu.

Daga ina sinadaran suke? Wani daga fitsarin mutane da na dabbobi, wani daga sabulun masana'antu, wani daga ƙwayar tsarin iyali. A nan ina roƙo kada kowa ya fita ya ce laifin mata ne. Matatun ne ba a gina su don tace irin wannan ba.

Wani zai ce, Malam, ɗan abin da ke cikin fitsari me zai yi wa ruwa mai yawa? An gwada. A Kanada, daga 2001 zuwa 2003, Karen Kidd da tawagarta suka riƙa zuba sinadarin ƙwayar nan a wani tafkin gwaji a lardin Ontariyo. Ku raba giram ɗaya gida biliyan, ku ɗauki biyar ko shida, shi ne abin da ke cikin kowace lita. Wani ƙaramin kifi da ya cika tafkin ya kusa ƙarewa ƙurmus. Ba mutuwar farat ɗaya ba, 'ya'ya ne suka daina zuwa. Da aka bar zubawa, bayan 'yan shekaru ya farfaɗo.

Ba kowane sinadari ke tafiya haka da sauri ba. A Amurka, masana'antar kamfanin Montrose ta yi shekaru tana sakin maganin ƙwari na DDT cikin magudanun Los Anjeles, har zuwa farkon shekarun 1970. An hana DDT a ƙasar a 1972, amma har yau yana kwance a lakar teku daura da gaɓar Palos Verdes kusa da Los Anjeles, kifin da ke kiwo a ƙasan teku yana tara shi a kitsensa, ana gargaɗin masu fatsa kada su ci wasu nau'o'in. Idan DDT ya rikiɗe a jiki, abin da yake zama yana toshe aikin homon na maza.

Mu da ke nesa da teku kada mu ce ba ta shafe mu ba. Abin da aka zuba a kogin Kaduna, Neja zai shiga, Neja kuwa a teku take ƙarewa, inda kifi ke renon 'ya'yansa cikin saiwoyin itatuwan gaɓa.

Saboda haka ɗalibaina masu neman abin bincike, in kun je bakin ruwa kada ku tsaya ga ƙirga matattu. Ku sayi maza masu rai daga hannun masunta, a sama da inda ruwan najasa ke shiga kogi da kuma ƙasa da wurin, ku ɗebi jini, ku auna hanta, ku buɗe jakar maniyyi. Ku kuma tambayi dattawan masunta ko ƙananan kifi suna zuwa kamar da.