Jami'a Ta Sauka A Gonar Gado: Wa Ya Samu, Wa Ya Rasa?

Assalamu alaikum, masu kallonmu. Ku dubi wannan katangar jami'ar da kyau. Ta ciki ɗakunan karatu ne da fitilu reras, ta waje kuma dawa ce ta fara fitar da kai. Kafin a ja katangar nan, duk gona ce.

Jami'a na son fili mai faɗi, fili kuwa sai karkara. Ta Wudil, wadda yanzu ke amsa sunan Aliko Ɗangote, ta fara aiki a 2001 a kan hanyar Gaya. Ta tarayya da ke Dutse an kafa ta a 2011, ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa kuma a 2013.

To, ta yaya gonar gado ke komawa hannun hukuma? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta ba shi ikon karɓar fili idan aikin amfanin jama'a ya taso. Diyya fa? Nan gizo ke saƙar. Ba ƙasar ake biya ba, abin da ke kanta ake biya: shuka, gini, rijiya, itatuwa. Ma'aikata su zo da takarda da biro, su ƙirga ɗorawa, su yanka mata kuɗi sau ɗaya tak. Alhali ɗorawar nan duk shekara ita ke ba uwargida kalwar da take daddawa ta aika kasuwa, garin ɗorawar kuma yara su sha. Kuɗin diyya ya tafi a babur da auren fari, itacen kuma ya zama na cikin katanga.

Amma a faɗi gaskiya, gari yana samu. Ɗalibai na sauka, mai ɗakin da ya cika da buhunan ƙaiƙayi ya share, ya yi masa siminti, ya sa haya. Mai shayi ya kai sha biyun dare. Mai ƙosai, mai wanki da guga, ɗan acaɓa, mai POS, kowa na ɗan tsinta. Fuloti ya yi tsada, har wanda ya yi gaggawar sayar da nasa ya koma cizon yatsa.

Sai dai cinikin nan ɗaure yake da kalandar makaranta. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur! Rigima tsakanin malamai da gwamnati a Abuja, amma mai ƙosan bakin ƙofa ce ta kife kasko.

Saura babbar magana: ɗan gari yana shiga kuwa? A tsarin jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na guraben karatu na cancanta ne, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari baya a ilimi. Ku lura fa, yankin nan jihohi ake nufi, ba ƙauyen da ke jikin katanga ba. Maƙwabtaka ba ta ba da maki. Sai da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da lissafi, sannan a haye jarrabawar shiga jami'a ta JAMB.

Shi ya sa ni a ganina, abin da mai gari ya kamata ya fi matsawa a kai idan ya zauna da shugabannin jami'a ba gurbin gadi da shara kaɗai ba ne. Ya ce musu: "Ranku ya daɗe, sakandaren garin nan fa?" Don a yanzu, ɗaliban sashen ilimi kan shigo makarantun ƙauye su yi 'yan makonnin gwajin koyarwa, malaminsu ya zo ya ba su maki, su kwashe littattafansu su koma cikin katanga. Ajin lissafi ya koma jiran na baɗi.