Filin Union Grounds: Katangar da ta Mai da Besbol Sana'a

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa, ɗalibai, sannunku da zuwa.

Yau zan kai ku unguwar Williamsburg a Buruklin, Amurka, a shekarar 1862. Lokacin nan ana tsaka da yaƙin basasa, kuma Buruklin gari ne mai cin gashin kansa, ba a haɗe shi da Niyok ba sai 1898.

Wasan besbol, wanda ake jefo wa mutum ƙwallo ya maka mata kulki ya ruga, a fili fetal ake yin sa a da. Duk mai wucewa ya tsaya ya kalla, ba ko sisi. Sai wani ɗan kasuwa, William Cammeyer, da yake da wani fili da yake cika wa ruwa da sanyi, ruwan ya daskare, mutane su biya su yi zamiya a kan ƙanƙara. To, da zafi fa? Fili na zaune. Sai ya baje ƙasar, ya kewaye ta da katangar katako, ya kafa bencina. Ranar 15 ga Mayu, 1862, aka buɗe.

Ku riƙe katangar nan, don ita na zo faɗa muku. Cammeyer bai karɓi kuɗin haya daga ƙungiyoyi ba. A bakin ƙofa ya tsaya: senti 10 kowane kai. Ƙungiyoyin suka ga jama'a na tururuwa dominsu, kuɗi kuma na shiga aljihun wani, suka ce a ba su kasonsu. Da kaso ya zo, sai ɗan wasa ma ya miƙo hannu. Ni ina ganin gaskiyarsa, wallahi. Wanda ya sha rana ai shi ya kamata ya sha inuwa. A 1871 aka kafa gasar ƙwararru ta farko, National Association, kuma a wannan fili ƙungiyoyin Mutual da Eckford suke karɓar baƙi. Atlantic ma ta biyo daga baya.

Wani abin da ke burge ni: a can ƙuryar filin akwai wata 'yar hasumiya da aka gina don masu zamiya, kuma ba a rushe ta ba, haka ake wasa da ita a tsaye. Sanyi na dawowa kuma a sake sakin ruwa.

Mutual ta shiga sabuwar gasa, National League, a 1876, aka kore ta a ƙarshen kakar saboda ta ƙi zuwa sauran wasanninta na yammacin ƙasar. Ƙungiyar Hartford ta zauna a filin a 1877. Daga nan filin ya yi ta ja baya. A 1883 aka rushe shi, aka ratsa titi ta tsakiyarsa, aka gina ma'ajiyar makaman sojoji a ɓangare guda.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.