Fasawod ɗinka daidai yake, ɗakin ne ba naka ba: shiga SAP karon farko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Satin nan kaf saƙon da ke shigo min iri ɗaya ne, daga nan Birnin Kebbi, daga Argungu, har wani ɗan uwa a Jega ya turo min saƙon murya mai tsawo ransa a ɓace, maganar dai guda ce: an ɗauke mu aiki a sito ko ofishin akawu, an ba mu suna da fasawod na SAP, mun sa ya ƙi, mun sake ya ƙi, yanzu an kulle mu kuma kunya ta hana mu komawa wurin 'yan ai-ti, masu kula da kwamfutocin kamfani. To ku kwantar da hankali, yawancinku ba ku manta komai ba, wani ɗan akwati ne kuke tsallakewa, kuma shi ya tara mu yau a bidiyon nan.

Ga wanda bai san SAP ba, manhaja ce ta wani kamfanin Jamus da mutum 5 tsoffin ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM suka kafa a 1972. Aikinta shi ne ta tara lissafin kamfani duka a littafi ɗaya, mai sikeli ya auna shanshera ya shigar, mai sito ya gani, akawu ya gani, mai biyan kuɗi ya gani, ba sai wani ya yi ta yawo da fayil daga ofis zuwa ofis ba. Shi ke nan tarihi, mu tafi kan allo.

(jerin sunaye a tagar SAP Logon)

Wannan ita ce ƙofar farko. Kun ga sunayen nan masu harafi uku-uku, DEV, QAS, PRD, a wasu wuraren sunan ya bambanta amma rabon iri ɗaya ne. Na farko na masu gyaran manhajar ne, ba ruwanka da shi. Na biyu wurin gwaji ne. PRD shi ne inda kayan gaske da kuɗin gaske suke. Danna sau biyu a kan wanda aka ce maka.

(allon shiga, a tsaya a kai)

Yawwa, nan za mu zauna. Ku ƙirga akwatunan nan da ni, guda huɗu ne ba biyu ba. Mun saba da Facebook da manhajar banki inda suna da fasawod kawai ake nema, shi ya sa ido ke zarcewa na biyu da na uku. Amma dubi na sama can, wanda aka rubuta Client a gefensa, lamba uku ce a ciki, kuma abin da ke cutar mutane shi ne sau da yawa za ka tarar an riga an cike shi, sai ka ɗauka aikin gama ya gama. Lambar da ke ciki wadda aka saita wa kowa da kowa ce, ba lallai ta zama taka ba.

Ni ina kiranta lambar ɗaki. Ɗauki gidan haya a Badariya, zaure ɗaya, ɗakuna da yawa, kowane ɗaki da kwaɗonsa da kayansa. PRD ko QAS da ka danna shi ne gidan, wannan lamba kuma ita ce ɗakin. Sunanka da fasawod ɗinka makullin ɗaki guda ne tak. In an buɗe maka suna a 300 ka je kana murɗa makulli a 100, ko za ka kwana kana murɗawa ba zai buɗe ba, kuma makullin lafiyarsa lau.

Abin da ke ƙara rikita mutum shi ne saƙon da ke fitowa a ƙasa, ku dube shi, cewa kawai yake suna ko fasawod ba daidai ba. Ba zai ce maka malam ɗakin ne ka ɓata ba. Da gangan ake yin haka don kada ɓarawo ya gane wane suna ne ke akwai wane ne babu, kuma ni ban ga laifin hakan ba, sai dai sabon ma'aikaci ne ke shan wahalar, ya fara zargin kansa, ya fara canza babban baƙi da ƙarami, ya sa ranar haihuwarsa, ya sa sunan ɗansa na fari.

To ina kullewar take fitowa? Ga inda take. Yawanci kafin ka fara aiki an koyar da kai a ɗakin horo, an buɗe maka suna a can, sannan aka sake buɗe maka suna iri ɗaya sak a ɗakin aiki. Suna ɗaya ne a ido amma a wurin SAP mutum biyu ne daban, kowa da fasawod ɗinsa, in ka canza na wannan na wancan bai san an yi ba. Sai ka ɗauko na horo ka kai wa ɗakin aiki, duk kuskure ɗaya ana ƙirga maka, wasu kamfanonin sau 3 wasu sau 5 gwargwadon yadda suka saita, sai ka ji garam an rufe. Don haka in ya ƙi sau biyu cire hannunka daga kibod, ɗaga ido sama ka karanta lambar nan, sannan ka duba ko Caps Lock na kunne.

Akwai wadda ta fi wannan ciwo, don ita ba ta ma ƙin buɗewa. Mutum ya sa fasawod iri ɗaya a ɗakunan biyu don sauƙi, ya shiga na horo bai sani ba, allon iri ɗaya, launi iri ɗaya, komai na tafiya sumul. Na gani da idona a wani kamfani da na yi wa aiki, lokacin kakar shinkafa motoci sun yi layi har bakin titi, bawan Allah ya wuni tun safe yana shigar da kayan da aka sauke, da la'asar akawu ya ce shi bai ga ko buhu ɗaya ba, manoma na zaune a inuwa suna jiran kuɗinsu. Wallahi har yau in na tuna fuskar yaron nan sai na ji ba daɗi, don ba lalaci ya yi ba, ba wanda ya taɓa nuna masa wannan wurin ne.

(a kusanto kusurwar ƙasa ta dama)

Ga wurin. Bayan ka shiga, can ƙasa hannun dama, za ka ga sunan gidan da lambar ɗakin, kamar PRD sai 300. In ba ka gani ba danna ɗan kibiyar nan zai fito. Ka mai da shi kamar duba mai kafin ka tada mashin, kullum da safe kafin ka taɓa komai.

Sauran mu bi da sauri. Ranar farko zai ce ka canza fasawod ɗin da aka ba ka, ka rubuta sabo sau biyu. Taurarin nan da ke cikin akwatin ba sa ƙaruwa ba sa raguwa, kar ka ce kibod ya lalace, yana shiga. Akwatin yare ka bar shi EN, wato Turanci.

Yanzu muna ciki. Jerin nan na hagu za ka iya bi kana buɗewa reshe bayan reshe amma tsoffin hannu ba sa bi ta nan, wannan ɗan farin akwatin na sama suke amfani da shi. Rubuta MIGO ka danna Enta, ga wurin shigar da kayan da suka iso. MB52, ga abin da ke cikin sito. ME23N, ga takardar odar sayayya ka duba. In kana cikin wani aiki kana son tsallakawa wani, fara sa /n sannan lambar aikin, kamar /nMIGO, in kuma sabuwar taga kake so ba tare da ka rufe ta farko ba sa /o. F3 komawa baya, F4 ya nuna maka abin da akwati ke karɓa, F1 bayani.

Af, na tuna, wasunku za su ga kuɗi an rubuta da ɗigo a wurin waƙafi, waƙafi a wurin ɗigo, miliyan ɗaya ta fito 1.000.000,00 mutum ya zabura. Salon rubutun Jamusawa ne. Shiga SU3 ka zaɓi irin namu ka adana, sai ka fita ka sake shigowa sannan zai kama.

In ya ce ba ka da izinin wani aiki ba lalacewa ya yi ba, ba a ba ka ba ne, rubuta /nSU53 nan take ka ɗauki hoton allon ka tura wa 'yan ai-ti. Kuma don Allah kar ka ce abokin aiki ya ara maka nasa ko kai ka ara wa wani naka, duk takardar da aka shigar da sunan mai shigarwa take tafiya, ranar bincike mai sunan za a kira.

Wanda aka riga aka kulle kuma ba abin kunya ba ne, aikin 'yan mintuna ne a wurinsu in ka ba su bayani cikakke. Ga yadda za ka rubuta, ku tsayar da bidiyon ku kwafa: "Salamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Don Allah a taimaka a buɗe min, sunan shigana kaza, a PRD, lamba 300." Ka sa taka lambar, kuma kar ka tura fasawod a cikin saƙon, ba sa bukatarsa.

In an tashi aiki adana abin da kake yi tukuna, sannan ka rubuta /nex a akwatin sama, amma ka sani shi wannan ba ya tambaya, yana jin Enta zai rufe duk tagoginka.